Yadda ake ƙidayar tsuntsayen ruwa da bibiyar sheƙunansu a dam-dam da kududdufan Jos

Jos ba ta da teku, amma ruwa bai yi mata ƙaranci ba. Ga dam-dam ɗin da ke shayar da gari, irin su Liberty da Lamingo da na Yakubu Gowon da ke Shen, ga kuma ɗaruruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi. A bakin waɗannan ruwaye ne balbela da zalɓe da kirinjijiya da ƙeƙuwa ke kiwo, wasunsu kuma a nan suke sheƙa su ƙyanƙyashe. Dabarar da za a bi a nan ita ce ta masu aikin bakin teku, waɗanda ke bibiyar tsuntsayen da ke sheƙa a kan duwatsu da tsibirai, an dai gyara ta ta dace da wurinmu. Ginshiƙinta shi ne a ƙirga daga matsaya ɗaya, a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya, kowane zuwa. Wanda ya ƙirga yau daga gabas, wani satin daga yamma, ba zai iya cewa tsuntsaye sun ƙaru ko sun ragu ba, ko da ya cika littafi.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa. Za ka ga lambobi biyu a jikinsa, kamar 8x42 ko 10x50. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita. Mai 8x42 ya isa wannan aiki. Kada lambar 20 ko 30 da ake rubutawa a jikin na gwanjo ta ruɗe ka, don hannu ba ya iya riƙe irinsu ba tare da hoton ya yi ta rawa ba. Kafin ka biya kuɗi, ka duba wayar lantarki mai nisa da shi. In ta rabu biyu, gilasan ciki sun goce, kuma ciwon kai kawai zai sa maka.

Littafin rubutu mai kaurin bango da fensir biyu. Biro yana zuba in yayyafi ya taɓa takarda, fensir ba ruwansa.

Abin ƙirga. 'Yar na'urar tasbihin nan ta yatsa da ake sayarwa a ƙofar masallatai ta yi daidai, kuma ba ta da tsada. In babu, carbi ya wadatar, ko ka zuba tsakuwa a aljihun dama, duk tsuntsu goma ka mayar da guda zuwa na hagu.

Waya mai cikakken caji, domin hoto da agogo da ɗaukar lambobin wuri a taswira. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane tsuntsu, amma a sauke kundin yankinmu tun a gida, don sabis yakan ɗauke a bayan duwatsu. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma ya fi ta in ka samu aro.

Tufafi masu duhun launi, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore. Farar shadda tana ƙyalli daga nesa, tsuntsu zai gan ka tun kafin ka gan shi. Takalmi rufaffe mai tsawo, hula, ruwan sha, rigar sanyi a Disamba da Janairu, rigar ruwa da damina.

Babban madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusanto da abu sau 20 zuwa 60, yana da amfani a babban dam, amma ba sharaɗi ba ne. In ba ka da shi, ka zaɓi ƙaramin kududdufi da madubin hannu zai iya gamawa da shi.

Abokin tafiya ma yana cikin kayan aiki. Ɗaya yana duba yana faɗa, ɗaya yana rubutawa, kuma bakin kududdufin kuza ba wurin zuwa mutum shi kaɗai ba ne.

1. Nemi izini kafin ka ɗaga madubi

Baƙon da ya tsaya bakin ruwan shan gari da madubi da littafi, dole a yi masa tambaya, kuma masu tambayar suna da gaskiya. Dam na hukumar ruwa ne, sai ka je ofishinsu ko wurin masu gadi ka yi bayani. Kududdufi kuwa yana da masu shi, ko da ba ka ga shinge ba. Ka fara da mai unguwa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne. Tsuntsayen da ke bakin ruwan nan muke ƙirgawa, ba ma kamawa, ba ma harbi, kuma duk sati biyu za a riƙa ganin mu." Ka nuna masa hotunan tsuntsayen a waya, ka ba shi madubin ya duba. In unguwar ta Birom ce ko ta Afizere ko ta Anaguta, samun ɗan wurin ya raka ka ya fi kowace takarda. Ka riƙe katin shaida, kuma kada ka saita madubi ko kyamara wajen shingen jami'an tsaro, ko gidajen mutane, ko mata masu wanki da wanka.

Masu noman rani da masunta da makiyaya sun fi ka sanin wurin. Su ne za su gaya maka bishiyar da balbela ke kwana da watan da suke fara ɗibar kara. Ka rubuta abin da suka faɗa, amma a shafi daban da na abin da idonka ya gani.

2. Kafa matsaya

Zuwan farko na zagaye ne, ba na ƙidaya ba. Ka nemi tudu ko dutse da kake iya hango mafi yawan ruwan daga kansa, inda rana za ta kasance a bayanka. Mai ƙidayar safe ya tsaya ta gabashin ruwa. In ka fuskanci rana, kowane tsuntsu baƙi ne.

In matsaya ɗaya ba ta gama ruwan ba, ka yi biyu ko uku, ka ba su suna A da B da C, sannan ka yanke iyakar kowace da abin da ba ya motsi: dutse, turken lantarki, bakin magudana. Kada ka yi iyaka da kwalekwale ko injin ban-ruwa, gobe ba nan za ka same su ba. Ka ɗauki lambobin kowace matsaya a taswirar waya, ka yi hoto daga hagu zuwa dama, ka zana taswirar wurin da hannu a shafin farko na littafinka. Wannan zane shi zai sa wani ya iya ci gaba da aikin ranar da ba ka nan.

A lura da ƙasa sosai. Gefen kududdufin kuza a tsaye yake, yana zaftarewa bayan ruwan sama, kuma zurfin yana farawa ne tun daga baki. Akwai tsofaffin ramukan masu haƙa da ciyawa ta rufe. Ka bi turbar da mutane da shanu suka riga suka taka. Kada ka shiga ruwan ko da iya ƙauri ne, saboda tsargiya.

3. San tazarar da ba za ka wuce ba

Nan ne sabon shiga ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Idan uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda kai, hankaka da shirwa suna nan suna jira, kuma ba sa ɓata lokaci. Ƙwan da aka bari a rana tsaka yana lalacewa, ɗan da bai yi gashi ba kuma ruwan sama mai sanyi irin na Jos yana kashe shi. 'Ya'yan da suka ɗan tasa kan firgita su faɗo daga sheƙa, kuma wanda ya faɗo ƙasa da wuya ya rayu.

Ka fara daga mita 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo, ko taku 130 zuwa 140 na baligi. Daga nan tsuntsayen ne za su gaya maka ko kana iya matsawa. Balbelar da hankalinta ke kwance wuyanta a naɗe yake, tana gyaran gashi ko tana lumshe ido. Da ta miƙe wuya ta kafe ka da ido, ka tsaya. In ta tashi tsaye a kan sheƙa, ka riga ka wuce gona da iri, ka ja da baya a hankali ba tare da juyi na gaggawa ba. Inda ka tsaya suka koma harkarsu, nan ne matsayarka, ka rubuta ta. Unguwar balbela (wato wurin da suke taruwa su yi sheƙa) da ke cikin gari, a kan mangwaro ko itacen turare kusa da gidaje, ta saba da mutane, tana iya barin ka kusa fiye da haka. Ta daji ba haka take ba.

Kada ka tsaya ƙarƙashin bishiyar sheƙa, kada ka hau, kada ka tafa ko ka yi jifa don su tashi ka ƙirga. Kada ka tura jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kansu. Kuma kada ka nuna sheƙa da yatsa in yara masu danƙo suna kallon ka.

4. Lokaci

Ƙidayar tsuntsayen da ke kan ruwa ta safe ce, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma. Bayan haka zafi yana sa hoto ya riƙa rawa a madubi, mutane da dabbobi kuma sun cika bakin ruwa. In hazon hunturu ko na damina ya hana ka ganin ɗaya gefen, ka jira ya washe, ko ka rubuta cewa ƙidayar ranar ba cikakkiya ba ce. In hadari ya haɗo ana walƙiya, ka sauka daga kan dutse ka tafi, tsawa a tudun Jos ba abin wasa ba ce.

A shekara kuwa aikin kashi biyu ne. Daga Oktoba zuwa Maris akwai baƙi 'yan ci-rani da ke zuwa daga Turai da Asiya, ƙananan masu dogayen ƙafa da ke tsintar abinci a taɓo, da wasu agwagi. Sau ɗaya a wata ya isa, amma kada ka rasa tsakiyar Janairu, domin lokacin ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Da damina kuma, daga saukar ruwa a Afrilu zuwa Oktoba, lokacin sheƙar balbela da shamuwa da kirinjijiya ne, sai a koma zuwa duk sati biyu.

5. Buɗe shafin rana

Kafin ka ƙirga ko tsuntsu ɗaya, ka rubuta kwanan wata, sunan wuri da matsaya, sunayen masu ƙidaya, lokacin farawa, yanayin sama da iska, da matakin ruwa. Don matakin ruwa, ka zaɓi dutse guda ko ginshiƙin siminti ka riƙa yi masa hoto kowane zuwa. Ka ƙara da abin da ke faruwa a wurin: injin ban-ruwa nawa ke aiki, ko ana feshin magani a gonakin kabeji da tumatir, masu wankin mota, masu ɗibar yashi, masu kamun kifi, karnuka. Wata rana in adadi ya faɗi, a wannan layin za a nemo dalili. In ka gama, ka rubuta lokacin tashi.

6. Ƙirga abin da ke kan ruwa da bakinsa

Ka zauna shiru minti biyar zuwa goma, waɗanda zuwanka ya kora su dawo. Sai ka share wurin da madubi sau ɗaya ba ƙidaya, ka ga iri nawa ne. Daga nan ka ɗauki iri ɗaya, ka bi shi daga hagu zuwa dama har ƙarshen iyaka, ka rubuta, ka ɗauki na gaba. Ka fara da masu saurin tashi, wato agwagi da dinya, ka bar zalɓe zuwa ƙarshe, shi ba ya gaggawa.

In ba su kai ɗari ba, ɗaya bayan ɗaya ake ƙirgawa. In gungu ne babba, ka ƙirga goma daidai, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, sannan ka riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In sun kai dubu, ka yi da hamsin ko ɗari. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon sabon shiga kusan kullum ragewa yake yi in gungu ya yi yawa. Maganinsa a gida yake: ka watsa wake a faranti, ka kimanta cikin daƙiƙa biyar, sannan ka ƙirga ka ga bambanci. Sati ɗaya kana yi za ka ga canji.

Ku ƙirga ku biyu, kowa a ransa, sannan ku faɗa. In bambancin bai wuce ɗaya cikin goma ba, ku ɗauki tsakiya. In ya wuce, ku sake. Masu nutso, kamar baƙin nan mai dogon wutsiya da ke shanya fukafukai a kan kututture bayan ya kama kifi, sai an bi su sau uku a ɗauki adadi mafi yawa, don kowane lokaci wasu suna ƙarƙashin ruwa.

Abin da ba ka gane ba, kada ka laƙaba masa suna. Ka rubuta kamanninsa: girmansa in an gwada da tantabara ko kaza, launin baki da ƙafa, yadda yake cin abinci. Ka ɗora kyamarar waya a bakin madubi ka ɗauki hoto, ko bai fito sosai ba masana za su iya ganewa. Kuma in ka duba ba ka ga irin da ka saba gani ba, ka rubuta sifiri. Shafin da aka bari fari ba ya nuna ko babu tsuntsun ne ko kai ne ba ka duba ba.

7. Ƙirga sheƙa, ba tsuntsu ba

A unguwar tsuntsaye, adadin manyan da ke kan bishiya yana canzawa kowace sa'a. Wasu sun tafi bin shanu, wasu baƙi ne da suka zo hutawa, wasu ba su kai haihuwa ba. Abin da ke zaune wuri ɗaya shi ne sheƙa, don haka ita ake ƙirgawa. Shirin bibiyar tsuntsayen teku na Birtaniya, wanda aka fara a 1986, da wannan ma'auni yake auna ire-ire da dama. Masu ƙidayar sil, dabbar tekun nan mai shayarwa, su ma haka suke yi a gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu: iyaye suna shiga teku su fito, saboda haka 'ya'yan da aka haifa a Nuwamba da Disamba ake ƙirgawa daga hotunan da aka ɗauka ta sama, tun ba su fara iyo ba.

Sheƙar da za ka sa a lissafi ita ce wadda aka gama ginawa har za ta iya riƙe ƙwai, kuma ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: babba a kwance a ciki, ko ƙwai, ko 'ya'ya, ko babba a tsaye a bakinta tare da sabon farin kashi a gefe. Tarin kara uku-huɗu da tsuntsu ke tsaye a kai bai zama sheƙa ba tukuna, ka rubuta shi a wani layi da sunan "ana gini". Tsohuwar bara, wadda ta yi baƙi ta lotsa ba kowa a kai, ita ma layinta daban.

Ka koyi bambance kwanci da hutu. Mai kwanci tana nutsewa cikin sheƙa, ba ka ganin ƙafafunta, sau da yawa bayanta da kan baki kawai ke fitowa. In ta miƙe, za ta sunkuyar da kai ta juya ƙwai da baki, ta ɗan girgiza jiki hagu da dama kafin ta sake kwantawa. Wannan girgizar shaida ce mai ƙarfi cewa akwai ƙwai. Balbelar da ke cikin haihuwa kuma tana yin gashi ruwan goro a ka da ƙirji da baya, ba fara fat ba kamar ta rani.

Ka ba kowace bishiya lamba a taswirarka. Ka ƙirga ta daga ƙasa zuwa sama, reshe bayan reshe, iri bayan iri, domin balbela kan haɗa bishiya da zalɓe da mai nutso. Bayan bishiyar ba ya ganuwa daga matsaya ɗaya, sai ka zagaya ta nesa zuwa matsaya ta biyu, ka yi iyaka da wani babban reshe don kada ka maimaita. Kowace bishiya sau biyu. In ganye ya yi duhu har kana jin kukan 'ya'ya ba ka ganin su, ka rubuta adadin da ka gani ka ƙara da "aƙalla". In kaka ta yi tsuntsaye sun watse, kana iya zuwa ƙarƙashi ka ƙirga sheƙunan da suka rage, amma shi ma aƙalla ne, don iska ta zubar da wasu.

Ba rana ɗaya suke fara ƙwai ba. Wasu na ciyar da 'ya'ya, wasu yanzu suke kawo kara. Shi ya sa ake komawa duk sati biyu, kuma adadi mafi girma da aka samu a zuwa ɗaya shi ne adadin unguwar na wannan shekara. Kada ka tara na zuwa daban-daban, sheƙa ɗaya za ka ƙirga sau huɗu.

8. Bibiyar sheƙuna zaɓaɓɓu

Adadin sheƙa yana nuna nawa suka gwada. Don sanin nawa suka yi nasara, sai an bi wasu tun daga ƙwai. Ka ɗauki hoton wani sashe na bishiya daga matsayarka, ka buga shi a takarda babba, ka sa wa sheƙuna 20 zuwa 30 lamba a jikin hoton. Ka haɗa da na tsakiya da na gefe, na sama da na ƙasa. In na bakin-bakin da suka fi sauƙin gani kawai ka zaɓa, sakamakon zai karkata, don su ne suka fi shan iska da hankaka. In ba halin buga hoto, zane da fensir ya isa, muddin ka nuna rassan da za ka gane.

Ka riƙa zuwa duk kwana biyar zuwa bakwai. Kowace sheƙa layinta, da gajerun alamomi: G gini, K kwanci, Y da lamba adadin 'ya'ya, W wofi. Ga misalin yadda layi zai kasance: sheƙa ta 7, K, K, K, K, Y3, Y2, Y2. Balbela takan yi ƙwai biyu zuwa huɗu, ta yi kwanci kwana 23 ko kusa da haka. Ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba, don haka na ƙarshe ƙarami ne, kuma in abinci ya yi ƙaranci shi ke fara mutuwa. Haka halittarsu take, ba aikinka ba ne ka je ceto. Mafi kyawun lokacin ƙirga 'ya'ya shi ne sa'ad da uwa ta sauka da abinci, duk kawuna sukan ɗago. Da sun kai sati biyu zuwa uku sukan fara yawo a rassa su cakuɗe da na maƙwabta, saboda haka adadin ƙarshe da ka gani kafin su fara yawo shi za ka riƙe. Wajen wata guda suke fara tashi.

Wajen lissafi a kula. A ce ka bi sheƙa 25, shida suka lalace, sauran 19 suka fitar da 'ya'ya 38. Za ka raba 38 da 25 ne, ka samu kusan ɗaya da rabi kowace sheƙa. Wanda ya raba da 19 zai samu biyu, ya ɓoye asarar da aka fito nema. In sheƙa ta zama wofi, ka rubuta dalili in ka gani da idonka, kamar guguwa ko sare reshe ko guza. In ba ka gani ba, ka rubuta "ba a sani ba".

9. Masu sheƙa a ƙasa da kan ruwa

Waɗannan ba a neman sheƙarsu da ƙafa. Ƙeƙuwa ɗan rami take yi a fili, ƙwanta kuma kamar tsakuwa, kana iya taka shi ba ka sani ba. In ta taso tana ihu tana kawo maka sura, akwai ƙwai ko 'ya'ya kusa, ka koma ta inda ka fito kana duban ƙasa. Daga nesa za ka ga inda ta koma ta kwanta, ka sa alama a taswira. Ɗan ƙaramin mai nutson nan da ke sheƙa a kan ciyawar ruwa yakan rufe ƙwansa da ganye in zai tashi, sai ka ɗauka tarin shara ne. Mai dogayen yatsun da ke tafiya a kan ganyen bado kuwa, namijin ne ke kwanci da reno, har yakan ɗauki 'ya'ya a ƙarƙashin fiffike ƙafafunsu na reto. Ga irin waɗannan da kirinjijiya, ka ƙirga ma'aurata da kuma iyayen da ka gani da 'ya'ya, ka rubuta adadin 'ya'yan da girmansu: kwata, rabi, ko kusan girman uwa.

10. Ƙidayar yamma a makwanci

Bayan damina balbela kan taru da yawa su kwana wuri ɗaya. Ka isa awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, ka fara ƙirga waɗanda suka riga ka. Sai ku raba sama, ɗaya ya ɗauki masu zuwa daga arewa da gabas, ɗaya kudu da yamma. Ku ƙirga su a sama kafin su sauka, ku ja layi duk minti goma, ku cire waɗanda suka tashi suka bar wurin. Tururuwar ƙarshe takan zo daidai kiran magariba, don haka ku shirya tun da wuri yadda ɗaya zai riƙe ƙidaya har ɗaya ya idar. Kada a haska bishiya da tocila. Kuma ba kowane wuri ne ya dace a kai duhu ba, in mutanen unguwa suka ce a tashi, a tashi.

11. Matattu da masu zobe

In ka tarar da tsuntsaye da dama a mace wuri ɗaya, ko wasu na juya wuya suna kasa tashi, kada ka taɓa, kada ka bari yara su ɗauka. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006, kuma Jos gari ne na masu kiwon kaji. Ka yi hoto daga nesa, ka ɗauki lambobin wurin, ka sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom, can ake gwajin. Ka wanke takalminka da sabulu da bilic kafin ka shiga gidan da ke da kaji. Guba daga feshin gona ma tana kisa haka, shi ya sa layin abin da ke faruwa a wurin yake da muhimmanci.

In ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ka rubuta launinsa, ƙafar dama ce ko hagu, sama da gwiwa ko ƙasa, da duk harafin da ka iya karantawa.

12. Bayan an dawo gida

A ranar za ka juye abin da ka rubuta zuwa babban littafi ko kwamfuta, tun kana tuna abin da gajerun alamominka ke nufi. Ka ɗauki hoton kowane shafi, littafi yana ɓata, ruwa yana jiƙa shi. Kada ka gyara lamba don ta yi kama da ta watan jiya.

Sannan ka fitar da bayanan su yi amfani. Manhajar eBird tana karɓar jerin tsuntsaye da adadinsu. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda aka fara a 2015, yana amfani da manhajar BirdLasser, inda aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tsaye tara a kwance, kuma ana son aƙalla awa biyu na dubawa cikin kwana biyar kafin a karɓi jerin tsuntsayen da ka gani a gida ɗaya a matsayin cikakke. Cibiyar da ke jagorantar shirin, wato cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis ta Jami'ar Jos, tana Laminga a gefen dajin Amurum, kuma can ne za ka kai hoton da ya gagare ka ganewa da labarin zobe. Wurin sheƙar tsuntsun da ake farauta ko ake sayarwa, irin su gauraka, kada ka sa shi a Facebook ko zauren WhatsApp, masana kawai za ka ba. Mai unguwar da ya ba ka izini kuma, ka koma masa a ƙarshen damina da adadin sheƙunan da aka samu da hoto ɗaya ko biyu da ka buga, ka kuma shaida masa watan da za ku dawo.